Yatsan da Ya Hana Waya Barci

Kullum da safe, kafin masu ƙosai su sauke kasko a Gada Biyu, Cletus ya kafa lemarsa yana goge tabarau da gefen riga. Mai gyaran waya ne, amma ba fasasshen gilashi aka fi kawo masa ba. Wayoyin nan namu masu araha, da fuskarsu ta yi duhu sai su kashe duk manhajar da ke aiki a ɓoye, wai tattalin batir. Saƙo ya ƙi shigowa, hoto ya maƙale a hanya. Sai ya shiga saiti ya cire takunkumin, ya ce, "Oga, wayarka lafiyarta ƙalau, barci ne ya yi mata yawa."

Bara Inna Jummare mai nono ta kawo masa wata tsohuwar waya, batirinta ya kumbura. Saƙonnin muryar ɗanta Abdulmalik ne a ciki, wanda ya rasu a hatsarin motar shanu. Ba a taɓa adana su a intanet ba. In wayar ta mutu, muryar ta tafi ke nan.

Ya fara lodin saƙonnin zuwa intanet, amma duk dabarar saiti ta ƙi ci. Da fuskar ta ɗauke, sai lodin ya tsaya. Cletus ya danne bakin caja da babban yatsa, ya riƙa taɓa gilashin da manuni don kada ta yi barci, tun hantsi har la'asar. Abincin da matarsa Nwamaka ta kawo ya huce a kwano. Masu jiran gyara suka gaji suka watse.

"Ɗana, ka huta mana," in ji Inna.

"Mama, in na huta, ita ma za ta huta."

Saura saƙo ɗaya wayar ta mutu, ba ta sake tashi ba. Ya sunkuyar da kai.

"Mama, na ƙarshen bai hau ba."



Inna ta ce, "Wannan na haddace shi. Cewa ya yi, Inna, mun kusa Kuru, ki ajiye min tuwo."

A watan nan Cletus zai naɗe lemarsa, idanunsa sun daina ganin ƙananan rubutu. Cletus, kai ne ka riƙe wa uwa muryar ɗanta har hannunka ya sage. Mun gode, Allah Ya saka. Matasan da za su gaji wurin nan, ku koyi haƙurinsa kafin ku koyi saiti.

Inna Jummare tana sauraron sauran saƙonnin a sabuwar wayarta. In suka ƙare, sai ta faɗi na ƙarshen da bakinta.