Mama Atine da Garin da Ba Ta Taɓa Gani Ba

Kullum da safe, ƙarfe takwas saura, Mama Atine Kambai takan sauka daga bas a Hyattsville, a jihar Maryland ta Amurka, ta buɗe ƙofar baya ta wani ƙaramin laburare, ta kunna fitilu, ta mayar da littattafan jiya wurarensu. Shekara goma sha tara ke nan tana wannan aiki, kuma a ƙarshen watan nan na Yuni 2018 za ta yi ritaya. Ba ita ce shugaba ba, ko ofis ba ta da shi. Teburi ne kawai a lungu, a ƙarƙashinsa kwalayen takalma cike da katuna. Kowane kati sunan mutum ɗaya ne na Kilmorane, wani ɗan garin kasuwa a ƙasar Ailan. Mama Atine 'yar Kagoro ce, ba ta taɓa taka Ailan ba. Masu zuwa laburaren sukan rasa gane yadda aka yi haka, kuma ni ce na jawo mata.

A 2006 na kawo mahaifina, Baba Martins, daga Bukuru zuwa gidana a Lanham, nan Maryland, don a duba masa ido. Baba fari ne sosai, gashinsa a kwance. Kowa a Bukuru ya san wani Bature mai aikin haƙar kuza ne ya haife shi, ya tafi kafin Baba ya iya tafiya. Kakata ta rasu ba ta faɗi komai ba sai suna ɗaya, Tani. Wata Lahadi bayan coci Baba ya ce min, "Olive, shekarata saba'in da uku ban san wanda ya haife ni ba. Ina so in sani kafin Allah ya kira ni."

Ni nas ce, ban san ta ina ake farawa ba. A cocinmu aka nuna min Mama Atine.

Ta saurare mu, sannan ta ce, "Baba, Tani ai sunan mace ne. Bature kuma?"

"Haka uwata ta ce, Atine. Bature Tani, dogo, mai zuwa coci wurin Fada."

Ta yi wata huɗu tana juya sunan a baki, tana duba tsofaffin takardun jiragen ruwa da suka je Legas. Wata rana sai ta kira ni. "Ba Tani ba ne, 'yata. Tierney ne, bakinmu ne ya sauya shi. Michael Tierney, daga Kilmorane." Na yi guɗa a wurin aiki. Na ɗauka an gama.

Ashe yanzu aka fara. Da takardun ƙidayar garin suka zo hannunta, sai ga Michael Tierney har bakwai a gari mai titi uku. Biyar daga cikinsu sunan ubansu Patrick, huɗu sunan uwarsu Mary. Wani ya rage shekarunsa don ya samu aiki, wani an rubuta ya mutu amma ga shi yana aure bayan shekara biyu. Littafin baftisma kuwa ruwa ya cinye shafi ashirin. Nakan zauna gabanta tana min bayani, in tashi kaina na juyawa. Sau biyu na sanar da Baba an samo mahaifinsa, sau biyu ta kira ni ta ce, "Wa ya aike ki? Wannan mahauci ne, bai taɓa barin garin ba."

Don ta raba mutum bakwai, sai da ta bi garin gida gida: wa ya auri wa, wa ya tsaya wa wa a baftisma, wa ke sayar da shanu ranar kasuwa. A lokacin hutun cin abincinta take yi. Ta rubuta wasiƙu ga Fada na garin, shi ma daga baya ya koma tambayarta. Abokan aikinta sun shaida yadda jikokin 'yan Kilmorane da ke Amurka suka riƙa zuwa da tsofaffin hotuna, su tsaya suna waige-waige suna neman masaniyar da aka ba su labari, alhali ga ta gabansu da ɗankwali. Wata tsohuwa daga garin Clinton ta fashe da kuka da Mama Atine ta gaya mata gidan kakarta na kallon ma'aunin kasuwa ne.

A 2015 bakwai suka koma biyu, aka tsaya cik. Su biyun 'ya'yan wa da ƙani ne, shekara ɗaya aka haife su, jirgi ɗaya ya kai su Legas, kamfani ɗaya suka yi wa aiki a Bukuru. Dukansu dogaye. Babu wanda ya bar wani ɗa da aka sani. Mun yi gwajin jini da wani danginsu, ya nuna Baba nasu ne, amma bai nuna na wane ba.

Baba ya zo laburaren da sandarsa. Ya ce, "Atine, na tsufa. Ki zaɓa min ɗaya, zan yarda."

Ta jawo kwalin katuna daga ƙarƙashin teburin. Sannan ta ce, "Baba, in na zaɓa, ni na ba ka uba, ba Allah ba. Ban sani ba, kuma ba zan ce na sani ba." Ta zaro katuna biyu ta sa masa a hannu. "Amma ko wanne ne a cikinsu, kakansu ɗaya. Ga shi, Denis, maƙeri ne. Ga matarsa, Honora. Waɗannan naka ne, babu shakka."

Baba ya sa ta maimaita sunayen sau uku. Ya ce, "Maƙeri? To, mutumin kirki ne." Har yau yana raye, kuma yakan sa su a addu'a. In ya zo kan mahaifin nasa kuwa, yakan ce wa Allah, "Michael, wanda Kai Ka sani."

Ni har yanzu ban gama gane lissafin zuriyar nan ba, Mama. In aka tambaye ni sunan kakana nakan ce Michael Tierney, amma amsar ɗaya ce kuma biyu ce. Amma na gane ke. Ke ce kika ba dattijo shekara tara na ranki, kika hana shi ƙaryar da ya roƙa da bakinsa. Mai haƙurin tsintar suna, mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi da lafiya.

Mu kuma da ke nan Maryland, 'ya'yanmu na amsa mana da Turanci, kuma yawancinsu ba su san sunan kakar kakarsu ba. Wanda yake da tsoho a gida, a Jos ne ko a Kano, ya kira shi a makon nan, ya tambaye shi wa ya haifi wa, ya rubuta. Inda tsohon ya ce bai sani ba, a rubuta haka nan, bai sani ba.