Laifina a Takardar Naɗe Kifi

Shekarun baya, lokacin da na fara ɗanɗana ilimin kwamfuta, na yi wa abokina wani abu da har yau in na tuna sai na yi dariya, sannan na yi istigfari.

Karatuna bai wuce sakandare ba, abin da na sani a bidiyon waya na koya. Amma a unguwarmu a Haɗeja an fara ce mini Injiniya, ni kuma ban taɓa musawa ba. Abokina yana aiki a ofishin wata makaranta mai zaman kanta. Shi ke buga takardu, shi ke riƙe da kwamfutar ofis mai tsarin Linux.

Wata Asabar da hantsi na je taya shi hira, yana shirin buga takardun jarrabawar Litinin. Na ce masa akwai manhajar da ke bin duk na'urorin da ke haɗe a ofis tana ƙwanƙwasa ƙofofinsu, ta faɗa maka wadda aka bari a buɗe, inda ɓarawo zai iya shiga.

Ya ce, "Mutumina, wane ɓarawo ne zai zo satar jadawalin 'yan aji uku?"

Na ce, "Kai dai ba ni kujera."

A irin wannan kwamfuta ba sai ka yi yawon neman manhaja a intanet ba. Tana da mai kula da rumbun manhajoji: ka rubuta masa layi ɗaya, ya ɗauko ya girka. Sai dai yana neman kalmar sirri. Abokina ya ce Madam, shugabar makarantar, ta hana shi ba kowa. Na ce ai ni ba kowa ba ne. Ya buga mini. Cikin minti biyu aka gama, amma na ci gaba da ɗaure fuska ina kallon allo don ya ɗauka aikin mai wuya ne.

Da ya fita sayo mana fura, na saki manhajar a kan komai, na kunna duk abin da ake kunnawa, ba tare da na san amfanin ko ɗaya ba. Ashe akwai firintar da in ka ƙwanƙwasa ƙofarta, duk abin da ta ji sai ta ɗauka aiki aka ba ta. Ta ofishin nan irinta ce. Ta farka ta hau zubo takardu, kowacce da wasu alamomi marasa kai da gindi. Kafin in gano wayar da zan zare, ta cinye fararen takardun da aka tanada don jarrabawa, tawada ta fara dusashewa.

A nan ne babban laifina. Yadda layi ɗaya ya girka manhajar, haka layi ɗaya ya cire ta. Da abokina ya dawo ya ce, "Ba abin nan naka ba ne?" sai na ce na cire shi tun kafin ta fara. Ya yarda.

Madam ta ce kallon ƙwallo yake yi a kwamfutar ofis har ya kwaso mata cuta. Ta ce ya ƙarasa makon jarrabawa, daga nan za ta nemi wani. Bai ko ambace ni ba.

Mahaifiyata tana soya kifi a ƙofar gida. Ranar Talata na dawo na tarar da tulin takardun nan kusa da kaskonta. Abokina ne ya kawo mata, wai kada su tafi a banza. Ta naɗe mini kifi a guda ta miƙo.

"Injiniya, wannan wane yare ne? Ba Larabci ba, ba boko ba."

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "Yaron kirki. Aikinsa na rawa, amma ya tuna da ni."

Na riƙe kifin ban ci ba. Na faɗa mata komai. Ba ta yi faɗa ba, ta dai karɓe kifin daga hannuna ta ce, "Saka takalminka. Wannan zai jira ka."

A makarantar, Madam, wata 'yar Filato mai ƙarancin magana, ta saurare ni har na gama, abokina na tsaye yana kallon rufi. Sai ta ce, "To bayan ɓarnar, manhajar taka ta gano wani abu?" Na ce akwatin intanet ɗinsu har yanzu yana kan kalmar sirrin da ya zo da ita daga kanti.

Ta ce, "Da ka tambaye ni, ai da na ce ka duba."

Ta yi wa abokina faɗan bayar da kalmar sirri, ta ce ya koma kujerarsa. Ni kuma ta sa na sake girka manhajar a gabanta, ita ta buga kalmar da hannunta, bayan ta zare wayar firinta.

Tun daga ranar ba na taɓa na'urar kowa sai mai ita ya ce in taɓa, kuma in ban san aikin abu ba ina faɗa. Ƙaryar ce ta fi damuna, ba takardun ba. Abokina ya yafe mini tun a hanyar komawa gida, yana nan a makarantar har gobe. Sai dai duk ranar da na leƙa ofishinsa, kafin ya amsa sallamata sai ya tashi ya lulluɓe firintar da ƙyalle.