Ruwan Wankan Kakata

Ran nan a Kasuwar Muda Lawal na wuce wata mai sayar da ganyen magarya, ƙamshin ya buge ni, sai da na nemi benci na zauna. Kakata na tuna. Ita ce mai wankan gawar mata a unguwarmu ta Inkil, tun lokacin da gonakin dawa suka fi gidaje yawa.

In aka yi rasuwa, kafin kuka ya lafa an turo mata. Ba ta gaggawa. Sai ta daka magarya, ta ɗora tukunya, ta riƙa tsoma gwiwar hannu tana gwada ɗumin ruwan kamar za ta yi wa jariri wanka. Na taɓa yi mata tsiya na ce ai gawa ba ta jin sanyi. Ta harare ni ta ce, "Uwar wani ce, 'yar boko. Ba da ruwan randa zan sallame ta ba."

Ina shekara goma sha biyar ta fara nemana. Hannunta ya soma rawa, tsohuwar da ke taya ta kuma ta koma wajen 'yarta. Abin da take so kaɗan ne, in riƙe buta in zuba mata ruwa, in ga yadda ake yi. Mata suka ce ai ni yarinya ce, ta ce su da suke manya me ya hana su zuwa? Ni kuwa tsoro nake ji, ga kunyar kada ƙawayena su ce ina warin gawa. Kullum da uzurina, yau jarrabawa, gobe ciwon kai. A lokacin burina in zama likita in ceci duniya gaba ɗaya, amma ɗakin maƙwabta ya gagare ni shiga.

"In na mutu wa zai yi mini?" ta tambaye ni wata rana muna gyaran wake. Na yi dariya na ce ba yanzu ba.

Da damina ta rasu, da hantsi, ana yayyafi. Gida ya cika da mata, amma aka rasa wadda ta iya. Baffana ya hau mashin har Yelwa ya ɗauko wata baƙuwa. Ba laifinta ba ne, ba ta san kakata ba, ga maza a waje suna jiran makara. Ina tsaye a bakin ƙofa na ga ta ɗebi ruwa daga randa ta shiga da shi. Na buɗe baki in ce a ɗumama, maganar ta ƙi fita. Da wane ido zan gyara wa wani aikin da na guje wa shekara biyu? Har yau wannan shirun yana cina, ban kuma yafe wa kaina ba.

Ban zama likita ba. Malamar Islamiyya ce ni, kuma ni ake turo wa yanzu in an yi rasuwa. A wajen wasu na koya, da girmana. Inkil ta cika da benaye, mutum ya kwana biyu da mutuwar maƙwabcinsa bai ji ba sai a waya.

'Yan matan ajina masu kaifin kai ne, kowace da duniyar da za ta gyara, ban kuma raina musu ba. Sai dai ina gaya musu su duba aikin da kowa ke gudu a layinsu, su fara da shi tun mai koyarwa tana da rai. Watan jiya na tambaye su ko akwai wadda za ta bi ni wankan gawa. Can wata ta ɗaga hannu.

"Malama, ina jin tsoro fa."

Na ce ta taho da tsoron nata, ba ya hana riƙe buta. Furfura ta fara kama ni, kuma ina so in ranar ta zo, ya zama hannun da na sani ne zai juya ni.