Na'urar da Ba Ta Kunyar Malam

Shekara talatin da ɗaya Malamin Lissafi ya yi yana koyarwa a kwaleji, alli ya cinye masa aljihun riga har uwargida ta gaji da ɗinki. Mutumin kirki ne, sai dai in hujja ta yi masa tsawo a kan allo, yakan kaɗa hannu ya ce, "Sauran a fili yake." To, wa zai musa wa mai furfura? Ɗalibai su kwafa, su ja bakinsu.

Akwai wata hujja da ya haƙo da kansa, shafi tara, kan yadda wasu lambobi ke rabuwa. Burinsa a buga ta da sunansa kafin ya yi ritaya. In ba ita ba, me zai bari?

Sai autarsa, wadda ita ma lissafin ta karanta, ta zo hutu da kwamfuta. A ciki akwai manhaja mai bin hujja taki-taki, inda aka yi tsallake ta ja jan layi.

"Baba, kawo taka mu shigar."

"Ni za a duba? Na girmi wanda ya ƙera ta."

Da hantsi suka zauna a teburin falo. Shafi huɗu suka wuce lafiya, Malam sai kaɗa ƙafa yake. A na biyar ja ya fito.

"Gaya mata a fili yake."

"Ba ta karɓar haka, Baba."

Uwargida ta leƙo daga kicin. "Yau dai ka gamu da wadda ba ta kunyarka."

Kwana uku yana zagaya teburin kamar kaza mai neman wurin saka ƙwai. Ya zargi manhajar, ya zargi yatsun Auta, har tabaraunsa bai tsira ba. Ran na huɗu ya ɗauki fensir ya bi matakin da bai taɓa rubutawa ba. Ashe ya raba da lambar da kan iya zama sifili, abin da lissafi ya haramta.

Ranar ko shayi bai sha ba. Mako biyu suna gyara. Abin da ya tsira bai kai rabin abin da ya yi iƙirari ba, amma jan ya ɓace.

"A aika wa masu bugawa, Baba?"

"Aika. Amma tsohon kwafin da na rarraba wa abokan aiki, ki bi ki karɓo mini kafin magana ta fita."

"Kwantar da hankalinka, Malam," in ji uwargida. "Ba wanda ya karanta."