Ilikimi Bolakoro, Mai Daɓen da Ba Ya Gumi

Ƙarfe biyar da rabi na safe Ilikimi Bolakoro yake fitowa daga gidansa a unguwar Nabua, ko ana ruwa ko ba a yi, kuma a birnin nan namu na Suva galibi ana yi. Jakar buhu ce a kafaɗarsa. A cikinta akwai cokalin gini biyu, da igiyar awo, da dafaffen rogo da kifin gwangwani da matarsa Salote ta naɗe masa. Direbobin bas ta farko sun san shi, sun kuma san kujerarsa, ta kusa da ƙofa, inda zai iya miƙe ƙafar hagu wadda gwiwarta ta daina lanƙwasuwa. Idan ya isa wurin aiki ba ya fara gaisawa da kowa. Sai ya sauka ƙasa, ya durƙusa, ya ɗora tafin hannu a kan ƙasar wurin, ya yi shiru kamar mai sauraro. Bayan haka ne yake miƙewa ya ce, "To, jama'a, ina kwananku?"

Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana haka. A ƙarshen wannan wata zai ajiye cokali, domin likita ta gaya masa gwiwar ba za ta ƙara ɗaukar wata damina ba.

Sana'arsa daɓen kankare ce, kuma ya fi ƙwarewa a ɗakunan ƙasa, waɗanda muke sarewa a jikin tudu a ƙarƙashin gidajenmu. Duk wanda ya taɓa kwana a irin wannan ɗaki ya san halinsa. Ka ajiye takalmi mako biyu, ka tarar da shi ya yi kore. Katifa ta ɗauki wari, bango ya yi baƙi, yara su kama tarin da ba ya ƙarewa. Da yawanmu mun ɗauka haka Allah Ya yi garin. Ilikimi bai taɓa yarda ba.

"Ruwa ba mugu ba ne," yakan ce. "Hanya yake nema. In ka ba shi tasa, zai bar maka taka."

Hanyar da yake ba shi ita ce rami a kewayen ɗaki, da bututu mai huji-huji a kwance cikin tsakuwa. Sai ya shimfiɗa tsakuwa kamu guda, ya bi ta da yashi, ya lulluɓe da leda mai kauri wadda yake liƙe gaɓoɓinta ɗaya bayan ɗaya, ya kuma ɗaga bakinta ta hau bango. Daga nan rodi, sannan kankare. Duk abin da ya fi ba shi wahala, kankaren yana rufe shi, ba mai sake gani.

Rambha Wati, tela ce a Samabula, ta ba ni nata labarin. Yadukan mutane suna fumfuna a shagonta da ke ƙasan gida, jikarta mai ciwon asma kuma a nan take wuni. Magina biyu sun zo sun shafa fenti sun tafi. Da Ilikimi ya zo, ya duba, sai ya ce a fasa daɓen baki ɗaya.

"Na ce masa, 'Yayana, gyara na kira ka ka yi, ba rushe-rushe ba,'" in ji ta. "Ya ce, 'Ƙanwata, in fenti kike so, ga shago can a tsallake. Ni numfashin yarinyar nan nake ji daga nan.' Sai na bar shi ya fasa."

Yarinyar tana jami'a yanzu. Rambha ta ce daga shekarar zuwa yau ba su sake kwana a asibiti ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a unguwarmu, a gangaren Tamavua, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kuma ina cikin masu laifi.

Mun gina zauren unguwa. Sama don taro da biki, ƙasa kuma, inda aka sare tudu, don makarantar ƙananan yara, da mafaka idan guguwa ta zo, saboda yawancin gidajenmu na katako ne da kwano. Ni ne sakataren kwamiti. Shugaban leburori Jolame Vunisa ne, taubashin Ilikimi, ɗan goggonsa. Tun suna yara suke tsokanar juna, kuma shi ya kawo Ilikimi ya yi daɓen.

An riga an sa ranar buɗewa. An gayyaci baƙi, an sayi aladu, mata sun kusa gama saƙa tabarmi. Sai aka yi kwana tara ana ruwa. Dutsen wurin ya hana a haƙa ramin bututu, ledar da ɗan kwangila ya kawo kuma siririya ce, baro ya yayyaga ta. Safiyar da motar kankare ta iso, Ilikimi ya ɗauki bokiti, ya kife shi a tsakiyar ɗakin, ya zauna a kai.

"Taubashi, tashi mana," in ji Jolame yana dariya. "Kada in binne ka a ciki, Salote ta ce na kashe mata tsoho."

"Binne ni. Ko ba komai wajen da nake zai fi sauran ƙarko."

"Kai dai da taurin kai aka haife ka. Goggonka, uwata, ta sha gaya mini."

"Ta kuma gaya mini kai da gaggawa aka haife ka, wata bakwai ka fito. Jolame, duba ledar nan. Ko kifi ba za a naɗe da ita ba."

Leburori suka yi dariya, amma Jolame ya daina. Mota tana ta juyi a bakin hanya, direba yana danna oda.

"Wasa ya ƙare, Ilikimi. Sunana ne a kan aikin nan."

"Shi ya sa nake zaune. Ka ba ni mako uku."

Aka kira kwamiti, muka tsaya a gindin mangwaro, mu bakwai. Na tuna abin da na faɗa, kuma ina jin kunyarsa har yau. Na ce kankare kankare ne, ba za mu kunyata unguwa gaban baƙi saboda ledar da ba mai ganinta ba. Mu shida muka ɗaga hannu a zuba. Mutum ɗaya ta ƙi, Akosita Marama, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, wadda duk unguwa ke kira Goggo.

Ni aka aika in gaya masa. Ya saurare ni har na gama, ya miƙe, ya ɗauki jakarsa.

"Malam," ya ce, "ba zan hana ku ba, ginin naku ne. Amma hannuna ba zai taɓa shi ba. Ranar da yara suka fara tari, kada a ce ban faɗa ba."

Aka zuba. Aka yi biki mai kyau, aka ci aka sha. Ilikimi bai zo ba, kuma ba wanda ya neme shi. Maganar ta bazu cewa mutum ne mai wuyar sha'ani, mai tsayar da aiki. Wata takwas bai samu aiki a wannan ɓangaren gari ba, sai da ya riƙa tafiya har garin Nausori. Abin da ya fi ci masa rai, in ji Salote, shi ne Jolame ya daina tsokanarsa. In sun haɗu a coci sai gaisuwa ta mutunci, kamar baƙi.

Kafin wata shida daɓen ya fara gumi. Da safe malamar yara sai ta goge ƙasa kafin a shimfiɗa tabarmi, kafin azahar tabarmar ta jiƙe. Barguna da buhunan shinkafa da muka tanada don guguwa suka yi fumfuna, muka kwashe muka ƙone. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu. Wata Lahadi bayan coci Goggo Akosita ta tare ni a ƙofa.

"Malam, kai ka kai saƙon kora, kai za ka ɗauki saiwar yakona, wadda al'ada ta ce a kai in za a nemi afuwa. Gobe da yamma. Kada ka ce mini kana da aiki."

Muka tafi mu shida da Jolame, Goggo a gaba. Muka zauna a tabarmar Ilikimi, kanmu a sunkuye, na miƙa ɗaurin saiwar, na faɗi abin da ya kamata in faɗa. Ya daɗe yana kallon ɗaurin kafin ya tafa hannu bisa al'ada ya karɓa. Bai ce mana ai na gaya muku ba, ko sau ɗaya.

"Sharaɗi biyu," ya ce. "A fasa duka, ba faci. Kuma kada wanda ya tambaye ni yaushe za a gama."

Muka amsa. Sai ya juya wajen Jolame, wanda tun shigarmu bai ɗago ba.

"Na uku kuma, wanda ya zuba shi zai riƙe guduma. Dama tumbin nan yana bukatar aiki."

Jolame ya fashe da dariya, hawaye na zuba masa.

Watan Satumba muka fara, guguwa kuma daga Nuwamba ake sa ranta. Ramin da aka ce dutse ya hana, Ilikimi ya durƙusa da kurfi da guduma ya sare shi da hannunsa, kwana goma sha biyu. Ranakun Asabar mata suka yi layi daga titi har ƙasa suna miƙa bokitan tsakuwa. Ranar shimfiɗa sabuwar leda ya tsaya a ƙofa ya sa kowa ya cire takalmi, har fasto, wanda ya zo sa albarka ya koma ya taya riƙe gefe. Bayan an zuba kankare ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna kwana goma, yana zuwa safe da yamma yana yayyafa ruwa, don ya kama a hankali kada ya tsage.

Sai jira. Da aka shiga Disamba ya liƙa 'yar leda mai kusurwa huɗu a tsakiyar daɓen ya bar ta kwana ɗaya. Da ya ɗaga, akwai raɓa a ƙarƙashinta. Rediyo ta riga ta fara maganar iska a arewa. Na buɗe baki, ya dube ni.

"Malam, sharaɗi na biyu."

Ya buɗe tagogi, ya aro fankoki, ya hana kowa shimfiɗa komai. Sau uku yana gwadawa. A na huɗun ledar ta fito a bushe, ya miƙa wa Goggo Akosita ta shafa da hannunta.

Guguwar ta zo a Fabrairu. Mutum tamanin da uku muka shiga ɗakin, muka yi kwana uku. Gidaje goma sha ɗaya suka rasa rufi, har da na Jolame. Mahaifiyarsa, wadda ta shekara biyu ba ta tashi, a kan tabarma aka kwantar da ita, a kan wannan daɓen. Ruwa yana gangarowa daga tudu kamar kogi, muna jin ƙararsa a bayan bango, amma ko ɗigo bai ɓullo ta ƙasa ba. Safiya ta biyu aka nemi Ilikimi aka rasa. Na leƙa ta taga na hango shi a kwance rubda ciki a cikin laka, hannunsa har kafaɗa a bakin bututu, yana zaro ganyaye da suka toshe shi. Da ya dawo yana rawar ɗari, Jolame ya jefa masa tawul.

"Taubashi, tsohuwa ta ce daɓenka ya cika sanyi."

"Sanyi na yarda. Jiƙa fa?"

Jolame ya dubi uwarsa. "Babu jiƙa," ya ce.

Ilikimi, kai ne ka zauna a kan bokiti gaban motar kankare da kwamiti da ɗan'uwanka, ka zaɓi a ƙi ka da a cuci yaran da ba naka ba. Kai ne ka yi wata takwas kana tashi da asuba zuwa Nausori saboda gaskiyar da ka gaya mana, ka kuma dawo ka durƙusa mana ba tare da gori ba. Na Salote, mai hana ƙasa gumi. Babu allon da ke ɗauke da sunanka a jikin zauren. Sunayen da aka rubuta a wurin namu ne, mu da muka ɗaga hannu. Siminti ya cinye zanen yatsunka, durƙuso ya cinye gwiwarka, amma daga Samabula zuwa Tamavua akwai ɗaruruwan mutane da ke barci suna numfashi lafiya, yawancinsu ba su san fuskarka ba.

Mun gode. Ni da kaina na gode, kuma ina sake neman afuwa a bainar jama'a, tunda a bainar jama'a na yi kuskuren.

Ku kuma matasa masu shiga aikin gini, da mu masu ba da aiki muna ƙirga kwanaki, mu koyi wannan hali. In ma'aikaci ya ce a dakata, a tambaye shi dalili kafin a kira shi mai taurin kai. In aiki ya zo hannunka, ka kyautata ɓangaren da za a rufe kamar yadda za ka kyautata wanda za a gani.

Makon jiya na je na gaya masa ina rubutu a kansa. Yana zaune a baranda, ƙafar a kan kujera. Ya yamutsa fuska.

"Me za ka rubuta? Malam, in dai dole sai ka rubuta, ka sa wannan. Akwai gidaje uku a unguwar Cunningham da na yi wa alkawari, gwiwa ta hana. Biyu akwai jarirai a ciki. Ina neman wanda zai karɓa. Zan zauna a kujera in nuna masa komai, amma sai mai haƙuri."

Ga shi na sa. Wanda ya ji zai iya, ya same shi a Nabua, gida mai koren ƙofa bayan shagon burodi. Ya zo da wuri, domin damina ta kusa.