Littafin da Aka Naɗe Balangu da Ƙarshensa

Abubuwa da yawa sun shige mini tun da na buɗe shagon ɗinki a Birnin Konni, amma akwai wata Laraba ta kasuwa da har in koma ga Allah ba za ta fita raina ba, ranar da na kusa kwana a hannun jandarma saboda 'yan takardu masu maiƙo.

A shekarun dubu biyu da 'yan kai, kafin waya ta cinye wa mutane idanu, ba abin da ya kai mini littattafan binciken kisan kai, irin na Hausa da ake shigo da su daga Najeriya. Akwai marubuci ɗaya da nake mutuwar so. Shi ba ya ɓoye maka komai, duk zai baje a gabanka, amma sai ka kai shafin ƙarshe ka dafe kai kana cewa, ya aka yi ban gani ba? Duk littattafansa na karanta har sun yi laushi, ban da guda ɗaya da sunansa kawai nake gani a bayan sauran. Mai littattafai na bakin kasuwa ya gaji da ni, ya ce an daina buga shi, in haƙura. Na yi sallahu wurin direbobin Sakkwato, na yi wurin masu zuwa Kano sari, shekara da shekaru, ko labarinsa babu.

Ran nan bayan azahar na biya tasha da tsohon babur ɗina, na tsaya wurin mai balangun da na saba. Shi da takardar buhun siminti yake naɗe nama kamar kowa, to ranar ta ƙare masa, sai aka kawo masa kwalin tsofaffin takardu daga tsallaken iyaka. Yana yanka mini, idona ya faɗa kan wani littafi kusa da kwanon yaji, an danne shi da dutse. Na karanta sunan, na sake karantawa. Shi ne! Na fizge shi kamar wanda ya tsinci ɗansa a kasuwa, ina dariya ni kaɗai, mai nama ya saki wuƙa yana kallona.

Murnar ba ta daɗe ba. Ina juya shi na ga bangon baya babu, kuma rubutun ya tsaya a tsakiyar magana. Na ce, “Kai, ina sauran?”

Ya ce, “Mi? Wanga? Yanzun nan na yagi baya-baya na ƙunsa ma wani dattijo mai farin rawani. Garin Dogarawa za shi, motarsu ta tashi.”

Na ce, “Ka rasa abin yagewa duk kwalin ga sai shi? Kuma ta baya?”

Ya ce, “Tela, takarda ai takarda ce.”

Da na tsaya ba shi amsa, da mun yi abin kunya. Wanda bai san irin littafin nan ba ba zai gane ba: in babu ƙarshen, sauran duk azaba ce, ka yi ta bin mai kisa kuma ba za ka taɓa sanin ko wane ne ba. Na cusa littafin cikin riga, na bar naman a kan tebur, na buga babur.

Abu ɗaya ke cikin kaina a hanya. Mutanenmu in sun gama cin nama a mota, goge hannu suke yi da takardar su wurga ta taga. Ina gudu ina raba ido gefen kwalta, duk farin abin da na hango sai in ƙura masa ido. Allah Ya taimake ni, na tarar da motar tsaye a shingen jandarma na fita gari, ana duba kaya. Don rawar jiki ban ko rage gudu kamar yadda ake yi ba, na ja birki a gefenta ƙura ta tashi, na leƙa taga ina cewa, “Baba mai rawani, don Allah takardar! Takardar nan da aka ba ka a tasha!”

Dattijon ya tsorata, ya zaro ƙunshin daga aljihu, ya juye ragowar naman a tafin hannu, ya miƙo mini takardun. Yatsuna ba su kai gare su ba wani hannu ya riga ni.

Jandarma ne, dogo, ba alamar wasa a fuskarsa. Ka duba ta wajensa: kusa da iyaka, mutum ya biyo mota a guje, fasinja ya miƙo masa takarda a gaggauce. Ya zare makullin babur ɗina, ya ce in tsaya nan. Ya warware takardun, ya kaɗe yaji, ya fara bi da ido. Na ga girarsa ta haɗe.

Ya ce, “Gawa cikin rijiya. Wuƙa ƙarƙashin katifa. Wane ne ya aiko ka karɓar wagga takarda?”

Dattijon ya hau salati, yana rantsuwa shi nama kawai ya saya, bai san ni ba. Na ce, “Shef, labari ne, littafi ne,” na zaro sauran daga riga. Bai ko kalle shi ba. Ya ce to bari kowa ya ji irin labarin, ya gyara murya ya fara karantawa da ƙarfi. Daidai wurin da mai binciken ya tara mutanen gidan zai nuna wanda ya yi kisan.

Har yau ina mamakin kaina. Tsoron ɗauri na nan, amma wani tsoron ya danne shi. Na toshe kunnuwana da yatsu a gaban mai kaki, na ɗaga murya na ce, “Shef, don girman Allah kada ka faɗi sunan! Ka rufe ni in ka ga dama, amma kada ka faɗa. Ban karanta ba!”

Ya tsaya. Ya kalle ni kallon da na ce shi ke nan, yau na jawo wa kaina. Sai ya karɓi littafin, ya gwada yagaggen wurin da takardun hannunsa, suka hau daidai. Ya ci gaba da karatu, amma a zuci. Ina tsaye ina kallon idanunsa suna sauka layi-layi. Da ya kai ƙasa sai ya buɗe baki, ya ce, “Kai! Ashe...” Ya haɗiye sauran, ya ninke takardun rubutun na ciki, ya sa mini a aljihu da kansa. Ya miƙo makulli da littafin ya ce, “In ka gama, ka kawo mini farkon.”

Na liƙe shafukan da ƙullun fulawa, na karanta littafin a hankali, ina jan shi don kada ya ƙare. Da na kai ƙarshen na yi ihu a shago har mai gyaran rediyo na kusa da ni ya leƙo. Ko kusa ban zaci mutumin ba.

Na kai wa jandarman kamar yadda ya ce. Da ya maido mini na tambaye shi ya ya ji shi. Ya ce, “Da daɗi, amma ni tun shafin farko na san mai kisan, duk inda ya yi magana ina ganin ƙaryarsa. Abin da ka ji ni ban ji ba.” Na ce to me ya hana shi faɗa ran nan, alhali na yi masa tsawa a gaban jama'a? Ya ce, “Ni ya riga ya lalace mini. Mi zan samu in na lalata maka?”

A nan na koyi cewa wani alherin ba bayarwa ba ne, kame baki ne a lokacin da kake da iko kuma maganar na kan harshenka. Mutumin nan ba ya da abin da zai ji tsoro a wurina, amma ya bar mini daɗina cikakke. Shi ya sa ku ma, ko za ku kwana kuna roƙona, ba zan gaya muku wanda ya yi kisan ba.