Ɗakin da Lasifika Ta Ƙwato

A masana'antar sabulu babu mai kiranta da sunanta na gaskiya. Lasifika ake ce mata, daga manaja har mai shara, domin shekarun da ta yi tana magana a tsakanin injina sun buɗe mata maƙogwaro. Ko raɗa ta yi niyya, sai na bakin ƙofa ya ji. Maigidanta, wani makanike mai sanyin hali, yakan ce maƙwabta ne ke riga shi sanin abin da aka yanke a gidansa.

Tana budurwa ta shigo aiki, tana naɗe sabulu a takarda, har ta zama mai kula da layin cika kwalaye. Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta yi kukanta a shekarun farko, ta share hawaye, ta rungumi 'ya'yan ƙannenta.

Wata rana lokacin hutun cin abinci ta fita neman direban da ya yi jinkirin lodi, sai ta hango wata yarinyar layinta, wadda ake kira Auta saboda ƙanƙantar jikinta, tsugune a bayan babbar mota tana shayar da jariri. Surukarta ce ta kawo shi, tana tsaye tana yi musu inuwa da mayafi. Direba bai san da mutum a wurin ba, ya tayar da mota, hayaƙi ya turnuƙe su. Ihun Lasifika ne ya hana shi ja da baya.

"Ke! Nan ne wurin ba yaro nono?"

"To ina zan je, Yaya?" in ji Auta. "Ba a barin shiga da su. In na tafi gida kuma, kafin in dawo an buga ƙararrawa."

A taron ƙungiyar ma'aikata na gaba Lasifika ta miƙe, ta ce a nema wa masu goyo ɗaki. Shugaban ƙungiya ya ce a bari tukuna a gama maganar takalman aiki. Wani mai gyaran inji daga baya ya ɗaga murya, ya ce, "Ina ruwan biri da gada? Ke da ba ki taɓa goyo ba!"

Ta juya ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ma ba ka taɓa ba, amma ai an shayar da kai. A bayan mota aka yi?"

Aka fashe da dariya, mutumin ya sunkuyar da kai. Amma maganar ta soke ta. Da ta koma gida ta kasa cin abinci. Maigidan ya zauna kusa da ita, ya ce, "Tunda ba su ji daga ƙasa ba, ki hau inda suke zama."

Ta tsaya takarar kujera a ƙungiya, ta sha ƙasa, har wasu matan ba su zaɓe ta ba don tsoron bakinta. Zaɓe na gaba ta sake fitowa, ta ci.

Ranar da ta fara zama da manaja, ta shiga da shirin faɗa. Mutumin ya saurare ta, sannan ya ce ƙurar sabulun da manya ke toshe hanci saboda ita, ba zai yarda jariri ya shaƙa ba. Daga baya ta gaya wa mata, "Yau kam ya fi ni gaskiya." Sai ta shiga zagayen harabar, har ta gano tsohon ɗakin ajiye kekuna can ƙarshen fili, inda iska ba ta kai ƙura. Rufinsa na yoyo, ɓeraye sun mai da shi gida. Ta koma wurin manaja. Ya ce zai duba. Ta sake komawa, ta kuma komawa, har sakatariyarsa ta daina tambayarta abin da ya kawo ta, kujera kawai take turo mata.

Kafin a amince, Auta ta gaji ta ajiye aiki. Wannan ya ci wa Lasifika rai ƙwarai, ta ce da ta iya lallashi kamar yadda ta iya tsawa, da watakila an gama da wuri.

Amma an gama. Aka gyara rufi, aka shafa fenti, aka sa famfo da katifu, aka ɗauki mata biyu masu raino, aka kuma ƙara wa masu shayarwa lokacin hutu. Labari ya kai wasu wuraren aiki, ma'aikatan asibiti da na masaƙa suka riƙa gayyatarta ta faɗa musu yadda aka yi.

Ana cikin haka wani ma'aikacin sito ya rasa matarsa, ta bar masa 'yar wata shida. Da safe ya zo da ita a kafaɗa, da gorar madara a aljihu, ya tsaya a ƙofar ɗakin. Masu raino suka ce ƙa'ida ta ce 'ya'yan ma'aikata mata kawai. Aka kira Lasifika, ita da aka rubuta ƙa'idar da ita.

Ta karɓi yarinyar, ta goge mata baki da gefen rigar aikinta.

"Ku shimfiɗa mata. Kai kuma, ƙanena, je ka kama aikinka, in an buga ƙararrawa ka zo ka ba ta madara da hannunka."

"Ƙa'idar fa, Yaya?" in ji ɗaya mai rainon.

"Mu muka yi ta, mu muka manta da maza. Bari in je in gaya wa manaja mun yi kuskure."

Ta miƙa jaririyar, ta gyara ɗankwali, ta nufi ofis.